Mirsobit Kayumov da Ƙofar Ɗaki na Sittin da Uku

Zuwa ga editan mujallar ƙungiyarmu ta masu riƙon tsofaffin kwamfutoci, Tashkent.

Na karanta abin da Doniyor Nishonov ya rubuta a fitowar watan Fabrairu game da rasuwar Mirsobit Kayumov, kuma ban yi shakkar kyakkyawar niyyarsa ba. Sai dai akwai kurakurai uku da ba zan iya kawar da kai daga gare su ba. Na farko, ranar Talata ya rasu, sha huɗu ga Janairun 2025, daidai da sha huɗu ga Rajab 1446, da hantsi. Laraba da aka ambata ranar jana'iza ce. Na biyu, sharhin da ya rubuta a kan wasannin kwamfuta ɗari huɗu da sha biyu ne, ba "wajen ɗari biyar" ba. Na uku shi ne mai nauyi. An ce wasan Hasumiyar Gishiri ya gagare shi ne saboda ciwo ya taɓa kaifin tunaninsa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ni kaɗai a duniya nake da hujjar hakan.

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Yanzu ka ba ni dama in yi magana da mamacin.

Mirsobit, a kasuwar kayan rediyo muka haɗu, cikin 1990. Kai malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ni injiniya ne a wata ma'aikatar kayan lantarki, ina haɗa kwamfutar Spektrum da hannuna a ranakun hutu, ina liƙa ƙafafuwanta da dalma ɗaya bayan ɗaya. Ka tsaya a gaban teburina da ƙaramin sukudireba a aljihun rigarka. Da shi kake daidaita kan rikodar duk wanda kaset ɗin wasansa ya ƙi hawa kwamfuta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Na girme ka da shekara bakwai, don haka tun ranar kake kira na Hikmat-aka, wato Yaya Hikmat, in kuma tsokana ta motsa ka ce "Injiniyan da ba ya kuskure".

Dokarka guda ce, ba ka kuma taɓa saɓa mata ba: ba ka rubuta kalma ɗaya a kan wasa sai ka kai ƙarshensa, a kan ainihin na'urar, daga ainihin kaset. Ka ce wanda ya yi sharhin wasan da bai gama ba, daidai yake da malamin da ya ba da maki bayan ya karanta shafin farko. Saboda wannan doka ce wani direban tasi daga Samarkand, da ya rubuta wasa da kansa ya aiko maka, ya sami amsa mai shafi shida. Wasan ba shi da kyau ko kaɗan, ni ma na gwada shi. Amma mako uku ka yi a kansa har ka gama, ka fara da yabon abu guda da ya yi daidai, sannan ka jera gyara talatin da ɗaya. Mutumin ya zo jana'izarka, ya yi tafiyar sa'a huɗu. Waɗanda kuma suka maƙale a wani wasa suka rubuto maka, ba ka ba su amsa kai tsaye. Sai ka zana musu taswira a takarda mai gida-gida, ka sa jan ɗigo a ɗakin da suka fara ɓata, ka bar musu daɗin gano sauran.

Kai ne ba ka sami mai sa maka jan ɗigo ba.

A 1991 kaset ɗin Hasumiyar Gishiri ya shigo hannuna daga wani matafiyi. Waɗanda suka girma a lokacin sun san al'adarmu: wasa na zuwa da kulle mai hana kwafa, duk wanda ya iya karya kullen kuwa sai ya rubuta sunansa a hoton farko, don a san aikinsa ne. Na karya kullen cikin kwana biyu. Ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce ƙwarai, wasan kuma ya cika ta taf, sai na nemi inda zan ajiye sunana. Na ga wani wuri babu komai sai sifili a jere, kamar fegin da ba shi da mai shi. A nan na rubuta: Hikmat Tursunov, Tashkent, 1991. Na kwafa na ba ka.

Hasumiyar tana da ɗaki sittin da huɗu. Ba a ajiye wasan a ci gaba gobe. Duk ranar da aka kunna, daga ƙasa ake farowa, sai an yi sa'a biyu kafin a kai sama. Cikin wata guda ka isa ɗaki na sittin da uku, mabuɗi a hannunka, ƙofa a gabanka. Ta ƙi buɗuwa. Ka ce lalle akwai abin da ka bari a baya. Ka koma ka bi ɗakunan ɗaya ɗaya, ka sauya tsarin ɗaukar kaya, ka ƙirga takun da kake yi. Ka ci gaba da rubuta sharhin wasu wasannin, amma wannan kana komawa kansa duk hutun makaranta.

A 2004, ina kwashe tsofaffin littattafan aikina, na ci karo da shafin da na yi lissafin. Na bi shi saboda halina na bin diddigi, sai na ga na yi kuskuren ƙirga da gida ɗaya. Sifilin farko a jerin nan ba fanko ba ne. Shi ne alamar ƙofa ta ƙarshe: in sifili ne, mabuɗi na buɗe ta, in wani abu ne daban, wasan na ɗaukar ta bango. Harafin farko na sunana ne ya zauna a kai. Babu mahalukin da zai iya wuce ɗakin nan da kaset ɗina.

Na ce a raina zan faɗa maka ranar Alhamis. Duk Alhamis nake zuwa gidanka cin shinkafar da matarka Mavjuda take dafawa da karas da naman rago. Na zo, ka buɗe ƙofa ka ce ga Injiniyan da ba ya kuskure ya iso, sai na ɗage zuwa wani makon. Shekara sha uku ka riga ka kashe a kan ƙofar, ni kuma na kasa jure a yi mini dariya a kasuwa. Wannan ne dalilina na farko, ba shi da wani suna sai girman kai.

A 2013 ɓarin jikinka na dama ya shanye. Gidanku a hawa na takwas yake a unguwar Chilonzor, lif ɗin kuma ya yi wa keken guragu kaɗan. Cikin shekara sha ɗaya da wata huɗu sau biyar ka sauko ƙasa, duk zuwa asibiti, mutum huɗu na ɗauke da kai a matakala. Duniyarka ta koma ɗaki guda: gado, taga mai kallon bayan wani benen, tsohon talabijin, da na'urar da na haɗa maka. Ka koyi wasa da hannun hagu. Sharhi casa'in da bakwai ka rubuta bayan ciwon, kana faɗa 'yarka Gulchehra na bugawa, kuma na ƙalubalanci kowa ya nuna mini jimla guda a cikinsu da ta fito daga gurɓataccen tunani.

Daga nan ne hasumiyar ta zama aikin kowace safiya. Kaset ɗin na ɗaukar minti huɗu da daƙiƙa arba'in kafin ya hau, duk tsawon lokacin kuwa sunana na nan a kan allo, ina zaune gefenka ina kallonsa, shayi na hucewa a hannuna. Na riƙa gaya wa kaina cewa ƙofar nan ce ke tashe ka daga gado, in na ƙwace maka ita me zai rage. Yau ban san ko tausayi ne wannan ba, ko tsohon girman kan ne ya sauya riga.

Wata Alhamis Gulchehra ta shigo da wayarta, ta ce ta sami wasan a intanet, kwafi mai tsabta, a gwada ko na gida ne ya lalace. Wallahi na yi fatan ka yarda. Sai ka kaɗa hannun hagunka ka ce, "Ke, kai wayarki can. Kaset ɗin Hikmat-aka ne fa. Mutumin da ke auna gishirin miya da ma'auni, shi zai lalata wasa? Ƙwaƙwalwar ubanki ce ta yi tsatsa." Ka yi dariya, ka juyo ka ce, "Ko ba haka ba, Injiniya?"

Na ce, "Sai a hankali, Mirsobit." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, a ranar da aka buɗe mini hanya.

Bayan sadakar arba'in na je na faɗa wa Mavjuda komai, da takardar lissafin a hannuna. Ta saurare ni har na gama. Ta ce sau da yawa in ka kashe talabijin kakan ce mata kai ne ka zama daƙiƙi, ciwo ya cinye maka kai, ita kuma tana rarrashinka. Ni ban taɓa jin wannan daga bakinka ba. A gabana raha kawai kake yi. Na roƙe ta gafara, sai ta ce, "Ba ni za ka roƙa ba, Hikmat-aka. Wanda ya kamata ka roƙa ya yi shekara sha ɗaya a Chilonzor, bai je ko'ina ba." Daga nan ta ɗauki buta ta cika mini ƙoƙon shayi har baki. Shekara talatin da huɗu ke nan rabin ƙoƙo take zuba mini, yadda ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe; cika ƙoƙo a wurinmu sallama ce. Na shanye, na tashi.

Gulchehra ta biyo ni bakin matakala ta miƙo mini wani fayil. Sharhin Hasumiyar Gishiri ne, da rubutun hannunka na dama, tun kafin ciwo, da ƙarin shafi biyu na hannun hagu. Ka rubuta komai har ɗaki na sittin da uku, ka ja layi, ka bar wurin maki a buɗe. Ta ce in yi abin da ya dace da shi.

Na gyara kaset ɗin. Aikin minti goma ne. Na gwada hawa hasumiyar da taswirarka, amma ni ban taɓa zama ɗan wasa ba, yatsuna kuma sun tsufa. Ɗaki na sha tara ne iyakata. Ban san abin da ke bayan ƙofar ba, kuma ban ga na cancanci in riga ka sani ba.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Mirsobit ɗan Kayum. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da yadda duniya ta ƙuntace masa, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka saka masa da alheri a kan kyakkyawan zaton da ya yi wa wanda bai cancanta ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mavjuda, da Gulchehra da mijinta, da ƙaninsa Abdumalik, da ɗalibansa. Allah Ya ba su haƙurin rashinsa. Ba na neman su karɓi gaisuwata sai ranar da zuciyarsu ta yarda.

Edita, ina roƙon a buga wannan gaba ɗaya, a shafin da aka buga na Doniyor, ba tare da an rage suna ko kwanan wata ba. Na haɗo da waɗannan:

Ɗaya, shafin lissafina na 1991, na kewaye kuskuren da jan biro.

Biyu, jerin mutum ashirin da shida da na tuna na ba su kwafin kaset ɗin, don a sanar da waɗanda ke raye.

Uku, kaset ɗin da na gyara, babu sunan kowa a kansa.

Huɗu, sharhin Mirsobit, shafi tara. A buga shi yadda yake. Kada kowa ya cike wurin makin.

Hikmat Tursunov, injiniya mai ritaya.