Gejin Baba da Fitilar da Ba Ta Kama Ba

Akwai wata safiyar Asabar da har a sa ni a kabari ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma ko yau na ji ƙarar injin bugun iska a bakin titi sai ta dawo min sabuwa.

Mahaifina mai faci ne. Rumfarsa na bakin titi a Unguwar Dosa: injin iska mai igiya, rabin duro na ruwa, da tsofaffin tayoyi jibge. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai geji, wato ɗan ƙarfen auna iskar taya, siriri kamar biro. Ni kuwa na gama sakandare, na yi aure a Malali, ina jin duniya a tafin hannuna take. Ba ni da haƙuri, kuma abin da ya zo bakina shi nake faɗa.

Ana saura shekara biyu a shiga dubu biyu maigidana ya sayo mota 'yar Kwatano. Abin da ya fi burge mu da ita, dillalin ya ce akwai na'ura a cikin kowace taya, da zarar iska ta ragu wata fitila za ta kama a gaban direba. Ya kuma ja masa kunne kada ya bar masu facin bakin titi su taɓa tayoyin, za su ɓata na'urar. Na riƙe maganar nan kamar karatu.

Ranar za mu Zariya sunan 'yar yayata. Mun makara, ga zafin bazara tun da hantsi. Muka ɗauki Inna, mahaifiyata, ta zauna a baya ta hagu da kwanon cincin a cinya, sannan muka tsaya a rumfa mu yi wa Baba sallama. Maigidana ya fita ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya sa wa motar albarka, sai kuma hannunsa ya tafi aljihu. Haka yake, ko keke ya tsaya gabansa sai ya auna.

Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo ta baya ta hagu sai ya auna sau biyu.

"Malam," ya ce wa maigidana, "sauran duk talatin da biyu ne. Wannan sha tara. Tana shan iska a hankali. Bari in cire in tsoma a ruwa, rabin awa ne kawai."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Kunyar suruki ba za ta bar shi ya yi musu ba, na kuma san da na yi shiru da ya miƙa makulli. Ni ce na leƙo ta taga.

"Haba Baba! Motar nan ita ke faɗa da kanta. Fitila ba ta kama ba."

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ni ban san fitila ba. Ga abin da geji ya ce."

"Gejin da ya girme ni? Dubi tayar fa, tsaye take ƙyam."

"Irin waɗannan ba sa nunawa a ido. To bari ko iska in ƙara."

"An ce kada masu faci su taɓa."

Masu faci. Haka na ce wa mahaifina, a gaban mijina, a gaban masu shayin da ke gefe. Inna ta ce, "Ke, bakinki!" Baba bai yi fushi ba. Ya dubi tayar, ya dubi Inna da ke zaune daidai samanta, ya ce, "Innarku ce a kanta fa." Na ce za a raɗa suna a watse muna nan muna jiƙa taya. Ya goge gejin da bakin riga ya mayar aljihu. "Allah ya kiyaye hanya," in ji shi.

Mun wuce Kawo, titi ya buɗe, ina ta cewa maigidana ya taka. Idona na kan gaban motar, ina jin daɗin yadda babu abin da ya kama, har na ce wa Inna, "Kin gani ko?" Ba mu kai Jaji ba muka ji kamar an harba bindiga a bayanmu. Tayar baya ta hagu ce ta fashe. Motar ta ƙwace, ta sauka daga kwalta, ta juya. Abin da na fara gani da na buɗe ido cincin ne warwatse cikin ciyawa. Ni na kuje, maigidana ya karye a hannu. Inna kuwa ƙashin bayanta ya taɓu. Daga ranar ba ta sake taka ƙasa da ƙafarta ba.

Bayan mako biyu aka jawo motar aka ajiye kusa da rumfa. Na je kai wa Baba abinci na tarar ya cire ɗaya daga cikin tayoyin da suka tsira, ya ɓare ta daga wili, wato ƙarfen da take zagaye da shi. Ya zura hannu ya shafa ciki, ya kewaye. Babu komai. Ya ɓare ta biyu, haka. Wani maƙwabcinsa mai gyaran wayar mota ne ya warware mana: an sauya wilolin asali da masu ƙyalli tun kafin motar ta iso, na'urorin sun tafi tare da su. Fitilar ta dinga kamawa ba ta mutuwa, sai aka zare ƙwanta. Ya nuna min ramin da yatsa. Ashe ramin da babu komai a ciki na tsaya wa, na ƙaryata mahaifina.

Na tsaya ina jira Baba ya faɗa min magana. Wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ajiye abincin a inuwa, Uwata."

Inna ta yi shekara tara a kwance. Kullum da azahar Baba zai rufe rumfa ya je ya juya ta, ya dawo. Ko sau ɗaya ba su ambaci safiyar nan a gabana ba, shirun kuma ya fi min duka ciwo.

Da Baba ya rasu, gejin kaɗai na roƙa a cikin kayansa. Motar da nake hawa yanzu tana da fitilar gaske, tana kuma aiki, amma ba na hawa babban titi sai na tsuguna na auna da hannuna. Abin da na koya ke nan: shirun na'ura ba shaida ba ne cewa lafiya lau. Idan wanda ya auna da hannunsa ya ce ka dakata, ka dakata. Rabin awa Baba ya roƙe ni, na hana shi.