Baba Mai Gwaji, Sun Ce Mu Jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Mayu, da hantsi, na isa tagar ɗakin gwaji na asibiti da 'yar roba naɗe a leda, na tarar da tagar a rufe. Mai shara ce ta ajiye tsintsiya ta gaya mini cewa Allah Ya yi maka rasuwa da asuba, bayan jinyar kwana biyu. Baba Mai Gwaji, na daɗe a tsaye, ban san inda zan nufa da abin da ke hannuna ba.

Shekara uku ke nan da na san ka. Lokacin babbar 'yata tana da shekara biyu, tari ya ƙi barinta, ta rame har haƙarƙarinta na ƙirguwa. Likita yana zargin tarin fuka, amma ya ce sai an gwada kaki, ita kuwa ba ta iya fitarwa. Sau biyu aka zura mata mesa ta hanci har ciki, ba a samu komai ba. Mako biyar muka yi a ɗakin yara, a gadon jikin bango, ba magani, ba sallama.

Kai ka leƙo ɗakin yara ka ce, "'Yata, ƙaramin yaro ba ya tofar da kaki, haɗiyewa yake yi. Abin da ya haɗiye kuwa ta ƙasa zai fito. Kawo mini bayan gidanta."

Ban manta da wautar da na tafka ba. Kunya ta kama ni: dattijo sa'an mahaifina, in miƙa masa wannan abu haka? Sai na tsiyaya masa maganin wanke banɗaki mai ƙamshi kafin in rufe. Ka buɗe, ka yi dariya har sai da ka cire tabarau. Ka ce, "Shekara ashirin da bakwai ina aikin nan, yau aka fara yi mini turare. Kin lalata mini shaida, 'yata." Ka ba ni sabuwar roba da ɗan cokalinta, ka ce kada fitsari ko ƙasa su taɓa. Washegari sakamako ya fito, aka fara magani. Yau tana makaranta, surutunta ya ishi kowa.

Ɗakinka bai fi shagon ɗinkina ba: na'ura, firji, kujera ɗaya. Ka sha roƙon a ba ka wanda za ka koya wa. Duk wanda aka turo, mako guda ya toshe hanci ya nemi canji. Saboda haka ko hutu ba ka iya ɗauka. Wallahi ina jin haushinsu, kuma ba zan ɓoye ba.

Baba, robar da na kawo ranar Talata ta ƙanwarta ce, autata, wata goma sha takwas. Tarin iri ɗaya ne, na san muryarsa. Yau kwananmu tara a ɗakin yaran. Zazzaɓi ya hana a sallame mu, likita kuma yana jiran sakamako. Kullum amsar ɗaya ce, mu jira a turo wani. Sau uku ina ɗiba yadda ka koya mini, sau uku ina zubarwa.

Jiya na bar ta da mahaifinta, na je gidanka gaisuwa. Matarka ta riƙe hannuna, ta ce ko a gadon jinya kana tambaya ko an kawo na yarinyar mai ɗinki. Ta ce, "An samu sakamakon?" Da na dawo, tunda babu mai gwada bayan gida, na sa hannu a takarda, gobe za a zura wa auta mesa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, da 'ya'yanka, da jikokinka. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ƙazantar da ka ɗauka domin 'ya'yan mutane ta zama nauyi a mizaninka. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin danne ƙafafun 'yata gobe da safe. Amin.