Shekarar da Aka Zargi Tsintara

A gidanmu na Manga, kuka ne ke riga ruwan damina isowa. Wata safiya sai mu ji shi daga ɗorawar bayan gida: ƙara guda mai kaifi, sannan wata doguwar karkarwa tana gangarowa kamar an zuba tsakuwa a kwano. Tsintara ta dawo ke nan. Bayanta shuɗi ne mai ɗaukar ido, kafaɗunta baƙaƙe, ga dogon baki, sama ja, ƙasa baƙi. Danginta masu kamun kifi ne, amma ita ban taɓa ganinta a bakin rafi ba. Fara take ci, da ƙananan ƙadangaru. Takan yi shiru a kan reshe, ta faɗo ƙasa kamar jifa, ta koma ta yi ta buga abin da ta kamo a jikin itace har ya daina motsi. Ba ta yin sheƙa. Kogon da wani tsuntsu ya fafe ya bari, nan take shiga ta yi ƙwai. Da ruwa ya ɗauke sai a neme ta a rasa.

Muna da maƙwabci mai irin wannan hali, wani tsohon soja, Sajan Bawa. Shi kaɗai yake zaune. Yakan zo da ruwan farko ya yi noma, in ya girbe dawa ya kulle ƙofarsa ya nufi kudu, ba wanda ya san wurin wa yake zuwa. Gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu.

A shekarar da nake magana, 'yan tsakin Mama suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Sai kuma ƙanena Ishaya ya hau ɗorawa zai leƙa kogon, tsintara ta kawo masa sara a ka, bai daɗe ba ya kwanta da zazzaɓi. Mama ta haɗa wannan da wancan.

"Satin da Sajan ya zo ta zo, satin da zai tafi za ta tafi," in ji ta. "Tsuntsun kifi da ba ya zuwa rafi, me yake nema a gidan mutane? Aiko ta aka yi."

Baba ya wasa gatari, ya ce da safe zai sare reshen, daga nan ya wuce wurin mai gari ya kai ƙarar Sajan.

Da yammar nan ruwa ya tsuge. Bayan tuwo muka taru a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, kamar kullum. Ta hura wuta a tsakar ɗaki tana gasa mana sabuwar masara, hayaƙi na fita ta jinka. Abin da ba a saba ba, Baba ya zo ya zauna a bakin ƙofa, wai ruwa ne ya tsare shi. Kaka ta dube shi sau ɗaya, ta juya masara, ta ce, "Ku miƙo kunnuwa, masarar ba ta nuna ba tukuna." Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, in kalma ta ƙi zuwa sai ta cike da yarenmu, C'lela.

Ta ce da can tsintara a bakin gulbi take tare da danginta. Wata shekara gulbi ya ƙafe, 'ya'yanta suka mutu da yunwa, sai ta shigo daji ta koyi cin fara. Tsuntsayen daji suka karɓe ta da baki, amma idonsu na kanta. Kurciya ta ce wannan baki ya yi wa fara girma. Kanari ya ce rigar nan ba ta talaka ba ce. Ga shi kowane rani sai ta ɓace. Ana nan sai ƙwan kurciya ya fara ɓata. Aka yi taro a gindin kuka, aka kira tsintara.

Nan Kaka ta shaƙe murya ta zama kurciya: "Ina kika tahiya da rani?" Ta sake murya ta zama tsintara: "Inda fara ta tahi." "Wa ag ganau ɗinki?" "Ba kowa." "To buɗe fiffike mu gani!" Kaka ta ware hannuwanta biyu, inuwarta ta cika bango. Ta ce tsintara ta buɗe fukafukanta tana juyawa, ba ƙwai, ba ɓawo, shi ya sa har yau za ka gan ta a kan reshe tana ware su tana ihu. Duk da haka aka hana ta ciyawar yin sheƙa, sai kogon da wani ya yar. Daga ranar kuma ta daina yarda da kowa, wanda duk ya matso kusa da kogonta sai ta sare shi.

Daga nan Kaka ta fara raba masara.

"To Kaka, wa ya ci ƙwan?" na tambaya.

"Ba a gano ba."

"Ba ita ba ce dai ko?"

"Ni ban ce ba ita ba ce, Saratu. Wanga baki nata, in ta so, ƙwai ba shi gagara tai. Na dai ce an yi taro, kowa ya yi magana, ba wanda ya ce ya gani." Ta miƙa wa Baba masara ba tare da ta kalle shi ba. "Karɓi, ta huce."

Washegari Baba bai sare reshen ba, bai kuma je wurin mai gari ba. Ya ɗauki Ishaya a keke zuwa asibiti a Zuru, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya warke. Amma magana ta riga ta fita daga gidanmu. Mata suka daina ɗibar ruwa in Sajan na bakin rijiya. Da ya kira gayya ba wanda ya je, muna hango shi ta kan danga yana yankan dawa shi kaɗai. Ya kulle ƙofarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. 'Yan tsaki suka daina ɓata, Mama ta ce kun gani. Da tsintara ta dawo da ruwan farko ba tare da shi ba, Mama ta ce ai bar mana ita ya yi. Sai da na girma na lura shirwa ma da damina take yawaita a wajenmu, amma wannan ma ba hujja ba ce, lura ce kawai.

Yanzu ina koyarwa a firamare cikin Zuru. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, gari ya cika da baƙi, kowa na kallon kowa. Bara aka kira taron unguwa a kan wani ɗan kabu-kabu daga wajen Ribah, mahaifin wata ɗalibata. Ana cewa yana zuwa gonarsa inda wasu ba sa iya zuwa, ya dawo lafiya, don haka shi ke kai wa mutanen daji labari. Aka ce a miƙa shi ga 'yan sa-kai. Kowa ya san ba kullum ake dawowa daga can ba.

Na daɗe ina ɗauka Kaka ta ɓata tatsuniyarta da ta ƙi wanke tsintara. A taron nan na gane ba ta da abin wanke ta da shi, kamar yadda ni ma ba ni da shi. Ban san zuciyar mutumin ba, har ga Allah ni ma ina shakkarsa. Na dai miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, mai unguwa, kafin a taɓa shi, a bar shi ya faɗi nasa, kuma mai shaida ya fito ya tsaya gabansa." Aka yi ta gunaguni, aka kira ni da sunaye, amma ba wanda ya fito. Aka sallame shi da gargaɗi.

Har yau yana unguwar, har yau wasu ba sa hawa babur ɗinsa. Ni kaina in na hau, nakan lura da hanyar da yake bi. Amma kowace safiya yakan sauke 'yarsa a ƙofar makaranta, ya gyara mata jaka, ta shigo ajina tana da uba.