Farin Ƙyallen da Umma Ke Wankewa

Wata Alhamis cikin zafin shekarar 1973, Umma ta tashe ni tun rana ba ta fito ba, ta ce in zo in kama mata wanki. Ƙaton farin ƙyalle ne, wanda ake haska fim a jikinsa a tsohon hoshin da ke bakin unguwarmu ta Nuzla a Jidda. Muka baje shi a tsakar gida, muka bi shi da sabulu da ruwan ɗan garuwa, muna cuɗe kashin tattabaru da baƙin hayaƙin shisha har yatsuna suka yamutse. Umma na wanki tana 'yar waƙa, abin da ba halinta ba, domin mai hoshin ya aiko cewa yau mata zalla za a yi wa fim, ita ma ta zo.

Hoshin nan gida ne mai faffaɗan fili da dogayen katangu, tagoginsa na katako duk sassaƙa. Tun zamanin Turkawa aka gina shi da dutsen teku, kuma kakan Umma na cikin takarin da suka ɗauko duwatsun a ka. Da fari masaukin alhazai ne, daga baya aka kafa dandamali 'yan makaranta suna wasan kwaikwayo, sannan aka kawo injin fim. Duk tsawon wannan tarihi mace ba ta shiga kallo. Tun ina goye Umma ke wanke ƙyallen, amma iyakarta bakin ƙofa. Sai dai ta tsare yayana Sale ya ba ta labarin fim, shi kuma gwanin ƙarya, kowane fim sai ya saka masa zaki. Mu yara kuwa, in an shanya ƙyallen, bayansa muke shiga da fitila muna yin inuwar kan akuya da hannu, har Umma ta biyo mu da muciya.

Bayan magariba ta fito da zanen salla, ta turara shi, ta ranƙwashe ni don na taka mata sabon takalmi, muka tafi tare da maƙwabtanmu masu sayar da gyaɗa. Muna isa muka tarar da motoci jere. Matan attajirai sun cika kujeru, wasu kujerun ma jakunkuna ne kawai a kai. Mai gadin, wanda kowane mako yake karɓar ƙyallen daga hannun Umma, ya tare ƙofa da sanda ya ce, “Ya Hajja, gaba na baƙi ne. Ku zaga baya kusa da janareto, ta bayan ƙyallen ma ana gani, sai dai a juye. Yalla, ku wuce.”

Umma ta dube shi ta ce, “Bayan nasa ma ni na wanke shi, na san yadda yake. Halas, shi ke nan. Ke Hauwa, wuce mu tafi.” Wasu daga cikin maƙwabtan suka zaga, ban ga laifinsu ba. Mu kuwa muka juya, kiɗan farkon fim na bin mu har kwanar gida, ina kuka ina tirjewa, ita tana jan hannuna. Da aka aiko da ƙyallen mako mai zuwa, ko kwance ƙullin ba ta yi ba, ta mayar da shi. Ba a jima ba aka sayar da hoshin, katafila ta rushe shi, aka yi wurin ajiye motoci.

Yanzu ana gyara tsofaffin gidajen Jidda, masu yawo da baƙi suna zuba bayani kan katako da attajiran da suka gina su. In na ji sai raina ya ɓaci, don ba mai ambaton wanda ya ɗauki dutse, balle wadda ta yi wanki. Bara jikata ta kai ni sinima, ta zaɓa mini kujerar tsakiya, ga sanyi ga girmamawa, ba wanda ya tare ni. Ban fahimci komai a fim ɗin ba, haushi ne kawai ya cika ni. Umma ta rasu ba ta taɓa ganin fim ba, ko ta gaba ko ta baya.