Yarinyar da Aka Kawo Mini da Akwati

Shekarun baya can, lokacin da harkar kuza ta fara ja da baya a ƙarshen shekarun saba'in, ina aikin buga tafireta a ofishin wani kamfani a Bukuru. Kusan kowane wata sai an sallami wasu. Na ce kafin a zo kaina, gara in nemi mafita.

Mafitar na riga na gan ta a waje. Da aka tura ni kwas Ingila na ga mata suna ajiye yara a gidan reno su wuce aiki. A Abijan ma na gani, sanda na zauna can da mijina na fari. Ƙarfe takwas a kawo, ƙarfe huɗu a ɗauka, ba gardama. Ga Jos cike da malaman makaranta da nas-nas da matan kasuwa, me zai hana in buɗe nawa? Na buga takardar ajiye aiki na sa a jaka, na ɗauki hutun mako biyu don gwaji. In abin ya kankama, ranar da na koma zan miƙa wa oga.

Mahaifiyata ta ba ni ɗaki biyu a gidanmu na Rikkos, amma sai da ta tambaya: "Wato mutum ya kawo ɗansa da safe ya karɓa da yamma, kamar ya ba da ɗinki?" Na ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Na bi gida-gida ina bayani da Hausa, da Turanci, da buroka, har da ɗan Yarbancin da na tsinta a Ikko. Na samu yara biyar. A cikin iyayensu, wata nas 'yar Birom ce kaɗai take zuwa huɗu daidai. Mai sayar da dankali sai bayan magariba, in na yi magana ta ce, "Haba Anti, ai a gida yake." Wata kuwa kwana uku ba ta leƙo ba. Da na bi ta gida raina a ɓace, sai ta kalle ni da tausayi ta ce, "Na ga kin shaƙu da shi ne, ban so in raba ku ba."

Ko a nan ban gane ba.

Ranar Asabar sai ga yayana daga Bukuru da matarsa, riƙe da 'yarsu mai shekara uku cikin suwaita ja. An sauke akwatin ƙarfe, da tabarma, da ɗan kwanon cin abincinta. Ya gyara zama ya ce, "Mun ji labari. Ke, muna raye, muna da yara bakwai, ki riƙa yawon roƙon 'ya'yan mutane? Ga 'yarki nan."

Sai a lokacin kaina ya waye. Kowa a unguwa ya san na yi aure biyu ban taɓa haihuwa ba. A wurinmu kuwa, mace irina in ta ce tana neman yara, ba wanda zai kawo sana'a a ransa. Riƙo take nema, a ba ta ɗa ya zama nata.

Na ce, "Yaya, gidan reno ne fa. Takwas zuwa huɗu."

Ya ce, "Wace huɗu? Mun ba ki ita har aure."

Na shiga ba shi labarin Ingila. Ya saurara tsaf, ya ce, "Allah sarki, ai su ba su da dangi ne." Matarsa na share hawaye da gefen mayafi. Mahaifiyata ta duƙufa kan tsince shinkafa, kafaɗunta na rawa don dariya. Bayan sun tafi ta ce, "In kin mayar da ita, kin ce ba ki son jininsa ke nan. Sai ki zaɓa."

Me zan zaɓa? Ga baki da zan ciyar, ga makaranta a gaba, ga sana'ar da mutum ɗaya tak ya fahimce ta. Ran Litinin na ba nas ɗin nan haƙuri, na yaga takardar ajiye aikin, na hau bas na koma kan tafiretata. Da safe in bar yarinyar wurin mahaifiyata, da yamma in dawo. Kullum sai tsohuwar ta tsokane ni: "Kin makara, huɗu ta wuce."

Har yau abin na ba ni haushi. Yanzu ba layin da za ka bi a Jos ba ka ga gidan reno ba, iyaye na rawar jiki kada a rufe ƙofa. Ni da na fara gani, na iya yi wa mutane bayani da harshe huɗu, amma ban tsaya na tambayi yadda nawa mutanen suke kallona ba.

Yarinyar tana nan, ni na aurar da ita, Mama take kirana. Kowace safiya sai ta sauke mini 'ya'yanta uku a ƙofa. In na ɗaga murya na ce, "Huɗu fa!" sai ta leƙo ta tagar mota tana dariya ta ce, "Mama, wace huɗu?"