Layar Baba Arzika a Ƙafar Motar Kumandan

Har in koma ga Allah ba ni mantawa da ranar da motar kumandan na Madawa ta kama makyarkyata kamar mai zazzaɓin damina. Ku aje kile da sauran kayan gyaranku ku saurara, ku da ke ganin in babu na'ura ba a gane ciwon mota.

Shekara biyu ke nan kamin yaƙin Turawa, bayan girbi. Ni ne shofer, ni ne kuma makanise, don duk bariki babu wanda ya san inda ake zuba ma mota ruwa sai ni. Kumandan kuwa, wato Baturen da ke mulkin ƙasar, Tattasai muke ce mishi a bayan idonshi. Gajere ne, ja wur, kuma bai da abin so a duniya kamar gudu. In munka fita rangadi, shi ka zama gefena, birgaje, wato babban masu gadin bariki, shina baya da bindiga. Wannan birgajen shi ne Baba Arzika, tsohon soja, uban matata Hajo. Ku dubi wahala: surukina a bayana, Tattasai a gefena, ko tari sai na yi shawara.

Tsakanin Madawa da Buza akwai wani fako miƙaƙƙe inda talakawa sunka daɓe hanya da jar ƙasa. Nan kaɗai mota ke iya sakin jiki. Ranar muna kaiwa wurin, Tattasai ya buga mini kafaɗa, ma'ana taka. Arba'in lahiya. Hamsin lahiya. Allura na taɓa sittin sai bolan, wato sitiyari, ya fara rawa a hannuna, haƙorana na haɗuwa, hular kumandan ta zamo mishi bisa hanci. Na sassauta, rawa ta tsaya. Na sake takawa, ta dawo.

Ya zage ni da Faransanci, ya ƙare, ya koma Hausarshi ta mai koyo. Ya ce ni na lalata motar gwamnati. Jibi za shi Kaita, in ta sake yi mishi haka, kwana goma sha biyar gidan kaso, in na fito kuma a kai ni fasa dutsen hanya. Wancan zamani ba alƙali ba shaida, bakinshi ne shari'a. Ga Hajo da cikin fari wata bakwai. Wallahi tsoro ya kama ni.

Da safe na shiga aiki bi da bi, yadda nake koya muku. Na fari, ina kake jin rawar? In a bolan ce, ƙafafun gaba. In a mazauni ce, baya ko sandar da ke juya su. Tawa a bolan take. Na gwada ekuru, wato notin da ke riƙe ƙafa, ɗaya ɗaya, duk a ɗaure. Na duba iska, daidai. Na shafa taya ko ta yi ƙulu, sumul. Na girgiza ƙarafan tuƙi, babu wasa. Sai na sa kirik na ɗaga ƙafar gaba ta wajena, na juya ta na saki. Ta yi ta yawo, ta tsaya. Na shata wurin da gawayi, na sake juyawa. Nan ta koma. Sau huɗu, wuri guda. Ƙafar da ke yin haka gefe ɗaya ya fi nauyi, kuma nauyin da ba ka ji a tahiyar jaki shi ne ke zama guduma in ana gudu.

Na kwance ta. Ƙafafun lokacin masu wayoyi ne kamar na keke. A bayan wayoyin, inda ido bai kaiwa, ga wani dunƙule an shafe shi da laka. Na kankare. Laya ce, girman dunƙulen hannu, an ɗaure ta da ɗanyar fata ta bushe kamar ƙarfe. Kuma na san ɗinkin, irinshi ne a damtsen surukina.

To, in na kai ma Tattasai, na tsira, amma tsoho ya rasa kakinshi ya shiga kaso. In na tsinke na jefar, da wane ido zan shiga gidanshi? Na same shi a gindin iccen bedi, na tuɓe takalmi na durƙusa. Shi bai kiran sunana, ni ba ni duban fuskarshi.

Na ce, “Baba, na ga wani saƙo a ƙafar mota.”

Ya ce, “Shofer, ka bar shi inda ka gan shi. Wani malami na Deule ya yi mini. Ƙarfen maƙera ne a ciki da rubutu.”

“Baba, mi ya sa a ƙafa?”

“Doki a ƙafa yake tuntuɓe. Wanga kafiri so yake ya kashe mu, ni kuwa ban aurar da ɗiyata don ta yi takaba ba.”

Na so in yi dariya, sai na ji ƙwalla. Duk zamanmu bai taɓa nuna ya damu da ni ba sai ranar.

Na kwance layar a ɓoye, na tahi da ita wurin baduku a kasuwa. Munka auna layar da guntayen ƙarfe a sikelin mai gishiri har sunka yi daidai, ya ɗinke su cikin fata. Na maida ta Baba wurinta, na ɗaura tawa daura da ita, na shafe su da laka. Na juya ƙafa, ta tsaya inda ta ga dama. Na sake, ta tsaya wani wuri. Na ce alhamdu lillahi.

Ran tahiya Kaita munka hau fako. Sittin, shiru. Saba'in, bolan kamar an shafa mishi man shanu. Tattasai ya washe baki, ya tambaye ni mi na yi. Na ce, “Mon kumanda, gyara ne na ciki.” Ya ce barabo, wato madalla. Sai ya ce in tsaya in ba shi, yau shi ka tuƙi. Bawan Allah ya kai ta tamanin. Awaki na watsewa, mata na zubar da itace suna shiga gona, ni ina salati, Baba a baya ya rungume bindiga ya rufe ido.

Da munka isa, tsoho ya sauko. Ya jira kumandan ya shige, sannan a karo na fari ya dube ni ido cikin ido.

Ya ce, “Shofer, layata aikinta take yi. Ta tsaida shi a sittin. Kai ka zo da iliminka ka ɓata.”

Shekara uku na yi da Tattasai bayan nan, kullum a tamanin.

Abin da na koya ke nan. Gano ciwon mota ba wuya: ka ji inda take rawa, ka ɗaga, ka juya, ka yi haƙuri. Amma kamin ka ce ka gyara, ka dubi wanda za ka miƙa ma bolan. Na yi gyara dubu a rayuwata, wannan ne ya fi kyau, kuma shi kaɗai ne na yi nadama.