Ɗakin da Ihu Ba Ya Fita

"Kai, wannan warin daga ina?"

"Gam ɗin Baba Kafinta ne. Soson bango yake mannawa."

"Shi yana ina?"

"Ya ce zai je sayo mariƙin ƙofa. Ina jin ya fita tun ɗazu."

"To tura mana ƙofar nan kafin maƙogwarona ya toshe. Gobe da me zan yi waƙa, da hanci?"

Baba Kafinta kuwa bai je ko'ina ba. Yana durƙushe a kusurwar ɗakin ɗaukar murya, inda mai wucewa ba zai hango shi ba, tsumma ɗaure a hancinsa, hannayensa biyu sun danne fallen soso a bango. Ya fasa fitar ne don kada gam ɗin da ya shafa ya bushe a banza. Ya ji maganar tsaf, ya kuma gane masu ita: Maigida, mawaƙin da ke da sutudiyon, da Injiniya mai haɗa masa sauti. Har ya buɗe baki zai ce yana ciki, sai ya dakata su gama tukuna.

Ƙofa ta rufe, ɗif. Kunnuwansa suka yi dum.

Halinsa ke nan tun yana yaro. A shagon mahaifinsa ya tashi, inda zarto ke magana, yara su yi shiru. Ya girma bai iya katse kowa ba. Matarsa takan ce, "Kai ko gobara ka gani a rigar mutum, sai ka jira ya kai aya kafin ka gaya masa." 'Yarsa ta fari kuwa in ya kira ta a waya, dariya take yi: "Baba, kana nan ko layi ne ya yanke?" Ba ya jin haushi. Yakan yi murmushi ya ci gaba da goge katakonsa.

Wataƙila shi ya sa aikin toshe sauti ya karɓe shi. Da, gado da kujeru yake yi, har ranar da maƙwabtan Maigida suka taru a ƙofar sutudiyo suna cewa kiɗa ya hana jariransu barci. Aka kirawo shi. Ya ninka bango, ya cusa auduga a tsakani, ya lulluɓe da soso mai tudu da kwari. Ƙofar ce ma abin alfaharinsa. Katako biyu masu kauri, yashi a tsakaninsu, roba kewaye da bakinta yadda ko iska ba ta samun hanya. Ranar da aka gwada ta, Maigida ya shiga ya kurma ihu iya ƙarfinsa, su suna waje ba su ji ko tari ba. Ya fito yana haki ya ce, "Baba, a nan ko yanka mutum aka yi ba mai sani."

A ranar dariya aka yi.

Yanzu ya saki soson ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya kai hannu inda mariƙi yake, yatsunsa suka faɗa ɗan rami. Shi da kansa ya kwance mariƙin ciki da safe, don ya lalace. Ya tura ƙofar da kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Ya laluba aljihu. Wayarsa tana cikin jakar kayan aiki, jakar kuma tana waje, domin dokar Injiniya ce: waya da guduma ba sa shiga ɗakin makirufo.

"Salamu alaikum," in ji shi, a hankali, kamar mai neman izinin shiga gidan surukai.

Soson ya haɗiye sallamar. Bai taɓa lura da yadda murya ke mutuwa a ɗakin nan ba, tana fita daga baki tana faɗuwa a ƙafarka. Ya buga ƙofar da tafin hannu, sannan da dunƙule, sannan da diddige. Yashin da ya auna da hannunsa ya shanye duka. Ya juya ga tagar gilashin da ke kallon ɗakin Injiniya, sai duhu. Sababbin fallayen soso ne jingine da ita daga can waje, kuma shi ya jingina su.

Warin gam ɗin ya fara yi masa magana a ka. Gwangwanin a buɗe yake, murfin yana waje, bango guda kuma duk jiƙe yake da shi. Fankar da ke zuƙe iskar ɗakin a kashe take tun safe. Ya rufe gwangwanin da hularsa. Idanunsa suka soma ruwa, harshensa ya yi ɗaci, tudu da kwarin soson nan suka riƙa yi masa kamar suna numfashi.

Sai ya ji wani ɗan zizi kamar na sauro. Ya bi shi da kunne har ƙugiyar da aka rataye abin sawa a kunne. Bai taɓa sa shi ba. Ya goge hannunsa a wando ya ɗora shi a ka, sai ga muryoyinsu a tsakiyar kwanyarsa, kamar suna zaune a kafaɗunsa. Maɓallin da Injiniya ke dannawa in zai yi wa mai waƙa magana ne aka manta a danne.

"A'a, Oga, bar wannan amshin. Kamar akuya ta ga wuƙa."

"Uwaka. Muryar da ke ciyar da kai ce akuya?"

"Ni dai na faɗa. Ka saurara ka ji."

Kiɗa ya tashi, ganga da jita, har haƙoransa suna amsawa. Ya yi ihu a lokacin, ihu na gaske, irin wanda bai taɓa yi ba ko ranar da zarto ya cinye masa kan yatsa. Maƙogwaronsa ya yi zafi. A kunnensa kuwa Maigida na bin waƙarsa da fito.

Kiɗan ya tsaya.

"Ya isa. Tattara mana, mota na jira. In mun dawo daga wasan gobe, mako mai zuwa, ma ƙarasa."

"Jakar Baba Kafinta fa?"

"Bar masa a nan. In ya zo ya ga kwado, ya san mun tafi. Mutumin da ba ya ƙorafi."

"To bari in adana aikin in kashe wuta."

Mako mai zuwa. Ya jingina da bango ya zauna. Ya hango matarsa tana leƙa titi, tana kiran wayar da ke ruri a cikin jaka a bayan kwado. Za ta ce ai halinsa ne, ba ya ɗauka in yana aiki. Ya ga Maigida ya dawo ya murɗa mariƙin waje. Bai yarda ya ga sauran ba.

A ɗaya kusurwar makirufo ke tsaye a kan dogon ƙarfensa, an rufa masa jakar yadi kamar tsuntsu a keji. Da safe Injiniya ya zare igiyar wayar makirufon daga bango, ya naɗe ta a ƙasa, ya ɗaga yatsa: "Baba, wannan ko inuwarka kada ta taɓa shi. Ƙura kaɗan ta shiga, ya mutu." Shekara da shekaru yana shiga ɗakin nan, kewaye abin yake yi kamar mai kewaye rijiya.

Ya ja jiki da gwiwa. Ɗakin na juyawa. Ya kama bakin wayar, mai 'yan ƙusoshi a ciki, ya nufi akwatin ƙarfen da ke bango, wanda shi ya yanka masa gurbi amma bai taɓa tambayar amfanin ramukansa ba. Ya cusa a na farko. Shiru. A kunnensa yana jin ana zuge jaka, makullai na kaɗawa. Ya ja, ta ƙi fita. Gam ya manne yatsunsa, sai da ƙyar ya gano ɗan harshen da ake dannawa kafin ta fita. Ya cusa a na gaba. Shiru.

"Oga, ka ɗauki cajarka?"

"Kashe mu tafi, don Allah."

Akwai rami ɗaya da fentin bakinsa ya goge saboda yawan shiga da fita. Ya runtse ido ya danna.

Ƙara ta fashe a kunnensa kamar an harba bindiga.

"Innalillahi! Me ka fasa min?"

"Wallahi ban taɓa komai ba. Lasifika ce ta... tsaya. Oga, tsaya. Dubi allurar nan tana motsi."

"Wace allura?"

"Ta makirufon ciki. Ni na cire shi da hannuna."

"Kai, bana son irin wannan wasa."

"Yi shiru ka ji. Numfashi ne. Wani abu na numfashi a ɗakin nan."

"Kashe! Kashe wutar mu fita, ni ba zan buɗe ba!"

Baba Kafinta ya dafa ƙarfen ya miƙe. Ya fizge jakar yadin ya yar. Gam ɗin yatsunsa ya shafi makirufon, ya gani, bai janye hannu ba. Maigida bai gama magana ba, yana ta surutu yana kiran sunan Allah, shi kuwa a karon farko a rayuwarsa bai jira aya ba. Ya kai bakinsa dab da ragar makirufon, ya ji muryarsa ta dawo masa a kunne, ƙatuwa, a shaƙe, kamar ta wani.

"Maigida! Injiniya! Ni ne, Kafinta. Ina ciki. Kada ku kashe wuta. Don girman Allah, ɗayanku ya zo ya buɗe min ƙofar nan."